Mutanen Serpo na Dandadan: Ƙabilar da Ta Daina Haihuwa Ta Koma Fashi

A babin farko na Dandadan, labarin zane na ƙasar Japan wanda Yukinobu Tatsu ya fara fitarwa a manhajar Shonen Jump+ ta kamfanin Shueisha a watan Afrilun 2021, wasu daga cikin mugayen da mai karatu yake fara cin karo da su ba su zo da ƙaho ko fiƙa ba. Maza ne su uku, fuskarsu ɗaya, murmushinsu ɗaya, sun yi zanzaro kamar ma'aikatan ofis, kuma abin da suka fara gaya wa yarinyar da suka sace shi ne ta kwantar da hankalinta domin su masu son zumunci ne. Daga nan suka yi mata bayanin kansu cikin ladabi. Daga duniyar Serpo suke, babu mace ko ɗaya a cikinsu, ta hanyar kwafar jikinsu suke yaɗuwa, kuma wannan kwafar ta kawar musu da saɓani da fushi da murna da baƙin ciki, ta tsayar da halittarsu a wuri ɗaya ba gaba ba baya. Maganin da suka yanke wa kansu shi ne su mallaki gaɓoɓin haihuwa irin na ɗan Adam, ko da za su fiɗe shi ne kafin su samu. Duk wannan bayani sun yi shi ne tana ɗaure a kan kujera, kuma babu inda suka tsaya jin ta bakinta.

Yarinyar ita ce Momo Ayase, 'yar sakandare wadda kakarta Seiko take aikin korar ruhohi, don haka ta yarda da fatalwa amma tana ɗaukar zancen baƙin sararin samaniya a matsayin shirme. Abokin musunta, wani yaro mai tabarau da ta laƙaba wa suna Okarun, ya yarda da baƙin sama amma ya ƙaryata fatalwa. Sai suka ƙalubalanci juna: ita ta tafi wani tsohon asibiti da aka ce jiragen baƙi suna sauka, shi kuma ya shiga wata hanyar mota ta cikin dutse da aka ce aljana tana tare da ita. Kowannensu ya gamu da abin da ya ƙaryata. Okarun ya faɗa hannun Turbo Granny, tsohuwar da almarar Japan ta zamani take cewa tana tsere da motoci a hanyoyin dutsen Rokko, ta yi masa tsinuwa ta kuma ɗauke masa gabansa, Momo kuwa ta faɗa hannun mutanen Serpo. Tun daga wannan babi labarin ya tsaya a kan ƙafa biyu, wato tsoro mai fitowa daga ƙasa da kabari da kuma tsoro mai saukowa daga sama, kuma marubucin bai yi wa ɓangarorin biyu rabo daidai ba. Fatalwoyinsa kusan dukkansu suna da ciwon da ya mayar da su abin da suka zama. Daga baya an bayyana cewa Turbo Granny takan zauna ne a wuraren da aka ci zarafin 'yan mata aka kashe su, tana rarrashin ruhohinsu, ita kuma Acrobatic Silky uwa ce matalauciya wadda masu karɓar bashi suka ƙwace wa 'ya. Mutanen Serpo ba su da irin wannan tarihi. Babu wanda ya zalunce su, babu wanda suka rasa, abin da suke da shi kawai buƙata ce da kayan aikin biya wa kansu ita.

Sunan da Tatsu ya ba su aro ne. A ƙarshen 2005 wasu saƙonnin imel marasa sa hannu suka fara yawo a tsakanin masu bibiyar labarin jiragen baƙi a Amurka, suna iƙirarin cewa gwamnatin ƙasar ta tura sojoji 12 zuwa wata duniya mai suna Serpo a 1965 bisa yarjejeniyar musayar baƙi, wasunsu kuma suka dawo a 1978. An ce duniyar tana zagaya taurarin Zeta Reticuli, waɗanda haske yake shafe kimanin shekara 39 kafin ya iso mana daga gare su. Ba a taɓa kawo wata hujja ba, kuma hatta a cikin masu imani da baƙin sama da yawa sun yi watsi da labarin a matsayin ƙage. Abin lura shi ne a ainihin wannan almara mazauna Serpo masu karɓar baƙi ne, masu haƙuri da karamci. Tatsu ya ɗauki wannan suna mai ƙanshin zumunci ya ɗora wa 'yan fashi, ya kuma bar musu kalaman zumuncin a bakinsu, kura da fatar akuya ke nan.

Ita kuwa damuwarsu da haihuwa ta girmi labarin Serpo da kusan rabin ƙarni. Wani manomi ɗan Brazil, Antonio Vilas-Boas, ya ce a watan Oktoban 1957 an ɗauke shi daga gona da dare an shigar da shi wani jirgi an haɗa shi da mace daga cikin baƙin. Ma'aurata Betty da Barney Hill kuma suka ce a watan Satumban 1961 an tare su a hanya a jihar New Hampshire, kuma a bayanan da suka bayar daga baya a gaban likitan ƙwaƙwalwa, Betty ta ce an soka mata allura a cibiya da sunan gwajin ciki. Taswirar taurarin da ta zana ce wata malamar makaranta ta fassara da cewa Zeta Reticuli take nunawa, kuma ta nan sunan taurarin ya shiga wannan fage. Zuwa shekarun 1980 marubuta irin su Budd Hopkins sun riga sun gina cikakkiyar aƙida a kan haka, cewa baƙin wata ƙabila ce mai ƙarewa wadda take tara irin ɗan Adam domin ta farfaɗo da nata. Masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, Susan Clancy da Richard McNally, sun bincika mutanen da suke ba da irin wannan labari suka gano cewa da yawansu abin yana farawa ne da halin da Bahaushe yake kira dannau: mutum ya farka jikinsa ya ƙi motsi, ya ji nauyi a ƙirji, ya ga kamar akwai wani tsaye a ɗakin. Japanawa ma sun san shi, suna kiransa kanashibari. Abin da mutum yake gani a tsaye a kansa ya danganta da labaran da ya taso yana ji, wani ya ga aljani, wani ya ga fatalwa, Ba'amurken ƙarni na 20 kuma ya ga likita mai manyan idanu daga wata duniya. Kujerar da aka ɗaure Momo a kai, da ƙarfin tunani da mutanen Serpo suka danne ta da shi har ta kasa motsi, wannan tsohon mafarki ne aka zana shi a fili.

Sai dai wanda ya tsaya a Amurka ya ga rabin asalinsu ne kawai, domin Japan tana da nata jerin baƙin da suke zuwa neman jikin mutane. A fim ɗin The Mysterians na kamfanin Toho, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni a 1957, baƙin sun sauka kusa da dutsen Fuji suka ce yaƙin nukiliya ya hallaka duniyarsu ya kuma lalata musu zuriya, don haka abin da suke roƙo ɗan fili ne da izinin auren matan duniya, alhali sun riga sun sace wasu matan kafin su kawo roƙon. Shekara 12 ke nan bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma babu ɗan kallon da yake buƙatar a yi masa fassarar tsoron haifar 'ya'ya masu naƙasa. A shirin talbijin na Ultra Q na 1966 an nuna Kemur, baƙon da ƙabilarsa ta tsawaita rayuwarta da ilimin likitanci har jikinta ya tsufa, ya zo satar jikin matasa. Sannan a shirin Ultraman na 1966 zuwa 1967 akwai Dada, mai zanen baƙi da fari a jiki, wanda aka aiko ya tara mutane a matsayin samfurin gwaji, kuma abin da ya sa ba a manta da shi ba shi ne ƙaramin ma'aikaci ne mai lamba, yana kai rahoto ga wani shugaba wanda ba ruwansa da wahalar da yake sha, shi dai a cika masa adadi. Duk wanda ya ga ainihin siffar mutanen Serpo bayan sun tuɓe fatar mutum zai ga hannun wannan zamani na Tohl Narita, mai zana dodannin Ultraman, a jikinsu. Daga Amurka suka gaji kujera da allura, daga gida kuma suka gaji ladabin mai roƙon abin da ya riga ya ɗauka da kuma halin ma'aikacin da ake jira ya cika adadi.

Yanzu a duba ƙorafin nasu da idon ilimin halittu, domin akwai gaskiya a cikinsa kuma akwai kuskure, kuma kuskuren ne ya fi amfani. Manomin rogo ya san kwafar halitta tun kafin a ba ta suna a ɗakin gwaji: yana yanka itacen rogo ya dasa, abin da ya tsiro kuma uwar ce ta sake fitowa, da ƙarfinta da rauninta, har da cutar da take ɗauke da ita. Haka ayabar da ake sayarwa a kasuwannin duniya take, ba ta da iri, daga 'ya'yan gindi ake dasa ta. A shekarun 1950 wata cuta mai zama a cikin ƙasar noma da ake kira cutar Panama ta share gonakin ayaba nau'in Gros Michel a Amurka ta Tsakiya, saboda kowace bishiya kwafin 'yar'uwarta ce, abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka. Aka maye gurbinta da nau'in Cavendish, wanda shi ma kwafi ne, kuma sabon nau'in cutar da yake iya kama shi ya isa Kolombiya a 2019. Masanin gado Hermann Muller ya bayyana wata matsalar a 1964: a zuriyar da ba ta cakuɗa gadon uwa da na uba, kurakuran da suke shiga ƙwayoyin halitta suna taruwa ne kawai, babu hanyar da za a haifi ɗa wanda ya fi iyayensa tsabta daga gare su. Ƙabilar da ta shafe dubban shekaru tana kwafar kanta tana da dalilin firgita. A cikin labarin, abin da mutanen Serpo suke kiran gaɓar da suke nema shi ne ayaba, kuma ko da wasa ne kawai marubucin ya nufa, ya faɗa a kan shukar da ta fi kowace kama da su.

Kuskuren yana wajen zancen zuciya. Kwafar jiki ba ta kashe fushi ko ƙauna. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne, amma duk gidan da aka goyi Hassan da Hussaini an san suna faɗa, suna kishi, kowanne da halinsa. Idan aka saurari bayanin mutanen Serpo da kyau za a ga cewa su ma ba su ce jikinsu ne ya rasa wata jijiya ba, cewa suka yi da kowa ya zama abu ɗaya sai saɓani ya ƙare, da saɓani ya ƙare sai motsin zuciya ya bi shi. Wato abin da suka rasa shi ne wani wanda ba su ba, wanda zai so abin da ba su so, ya ƙi abin da suka nema, a kuma dole su zauna da shi a haka. Ga shi kuwa sun ƙetaro sararin samaniya sun sami duniya cike da irin waɗannan mutane, amma abu na farko da suka yi da suka kama ɗaya shi ne ƙoƙarin kashe mata ikon cewa a'a. Sun ɗauki matsalar zamantakewa a matsayin matsalar kayan gyara, suna neman a ciro musu wani sashe a ɗaura musu. A nan tsoron labarin da dariyarsa suke fitowa daga rami ɗaya: masu ilimin da ya kai su tafiya tsakanin taurari, amma sun kasa gane ciwon kansu. Kuma ƙin da Momo ta yi ne ya kayar da su, domin matsin da suka yi wa tunaninta shi ya buɗe ƙarfin ruhin da ta gada, wanda ta tarwatsa jirginsu da shi.

Wannan babi na farko shi ne ya fi jawo wa labarin suka, musamman bayan da kamfanin Science Saru ya mayar da shi zane mai motsi a watan Oktoban 2024 ya isa ga masu kallo da yawa a wajen Japan. Yunƙurin cin zarafin yarinya 'yar makaranta ne ake nunawa, an kuma lulluɓe shi da barkwanci. A ganina sukar tana da tushe. Gaskiya ne cewa labarin yana gefen Momo, ba a kai ga cutar da ita ba, kuma da hannunta ta ƙwaci kanta duk da zuwan Okarun, amma yadda zanen ya daɗe a kan halin da take ciki ya wuce abin da ma'anar take buƙata, kuma wannan tsohuwar al'ada ce a mujallun samari na Japan wadda ba ta zama daidai don ta tsufa ba. Abin da zan ƙi yarda da shi shi ne a ce a cire barazanar gaba ɗaya, domin idan aka mayar da mutanen Serpo masu satar jini ko zinariya, an raba su da tarihin da ya haife su kuma an ɓoye abin da ladabinsu yake rufewa. Mai karatu daga Najeriya kuma zai ji wani ɓangaren wasan da nauyin da Bajapane ba zai ji ba. Satar gaban Okarun abin dariya ne a can, ana ta neman abin da ya ɓata babi bayan babi, amma a nan jita-jitar satar mazakuta ta sa an yi wa mutane duka har lahira a kasuwa da tasha, kuma ko a 2023 ta sake tashi a Abuja da wasu jihohi.

Dawowarsu ta biyu ce ta nuna ainihin irin mugayen da suke. Sun gane cewa ƙarfin ruhi abu ne da na'urorinsu ba su san kansa ba, sai suka juya kan Okarun suna neman gaɓarsa domin su sami ƙarfin Turbo Granny da ya rage a jikinsa. A wannan karon ba su zo su kaɗai ba, sun ɗauko 'yan ƙwadago. Sun keɓe makarantar a cikin wani sarari na dabam suka cika shi da ruwa, suka saki dodon da almara take cewa yana zaune a tafkin Loch Ness na Scotland a ciki, suka kuma tura wani baƙo ɗan dambe mai kama da jatan lande, wanda aka ɗauko sunansa daga dodon da wasu matasa suka ce sun gani a garin Dover na jihar Massachusetts a 1977. Yadda suke mu'amala da wannan ɗan dambe shi ne zuciyar wannan sashe. Suna yi masa tsawa a kan rashin cika aiki, suna yi masa barazana da kuɗinsa, sannan suka ɗura masa abin ƙara kuzari domin ya ci gaba da faɗa, abin da yake tuna wa Japanawa wata shahararriyar tallar lemon ƙara kuzari ta ƙarshen shekarun 1980 wadda take tambayar ma'aikaci ko zai iya fafatawa awa 24. A wannan zamanin ne kuma mutuwa saboda yawan aiki ta zama abin da ake kai ƙara kotu a kansa a ƙasar. Da faɗan ya ƙi ci, sai suka haɗe jikinsu da na 'yan ƙwadagon biyu suka zama halitta ɗaya. Abin da suka so yi wa Momo shi suka yi wa ma'aikatansu, wato kowa a wurinsu rumbun kayan gyara ne.

Bayan an ci su da yaƙi sai aka ji labarin ɗan damben. Ɗansa ne ba shi da lafiya, yana buƙatar ƙarin jini kullum, shi kuma ba shi da kuɗin, shi ya sa ya karɓi aikin da ya samu. Seiko ta ciyar da shi, aka kuma gano cewa jinin ƙabilarsu daidai yake da madarar shanu, sai aka sallame shi da saniya. Wasa ne a kan tsohuwar almarar Amurka ta jiragen baƙi masu satar shanu, amma yana ɗauke da hukunci a kan mutanen Serpo. Wannan baƙo shi ma buƙata ce ta kawo shi, buƙatar da ta shafi jiki da zuriya kamar tasu, amma da ya zauna a tabarmar mutane ya faɗi damuwarsa sai ta warware a zama ɗaya, ya kuma zama abokin gidan. Su da suka fi shi ilimi da dukiya ba su taɓa gwada tambaya ba.

Da wuya a karanta labarin ƙabilar maza masu kama ɗaya, masu aiki ba hutu, waɗanda suka daina haihuwa suna ɗauko baƙi su yi musu aikin wahala, ba tare da an tuna da Japan ta yau ba. Yawan al'ummar ƙasar ya kai ƙololuwa wajen 2008 da kimanin miliyan 128, tun daga nan yake raguwa. A 2024 jariran da 'yan ƙasar suka haifa sun gaza 700,000 a karon farko, matsakaicin haihuwar kowace mace ya sauka zuwa 1.15, waɗanda suka mutu kuma sun ninka waɗanda aka haifa fiye da sau biyu. Shirin ɗauko ma'aikata daga waje da sunan koyon sana'a, wanda aka fara a 1993, ya sha suka a kan danne albashi da hana ma'aikaci sauya wurin aiki har majalisar ƙasar ta amince a 2024 a maye gurbinsa. Duk da haka bai kamata a matsa wa wannan fassara fiye da kima ba. Dandadan labarin soyayya ne na yara biyu masu jin kunyar juna, an cusa shi a cikin tarkacen almarar da Japan ta yi ta sha tun shekarun 1970, zamanin da Uri Geller, mai iƙirarin yana da ƙarfin tunani, yake lanƙwasa cokali a talbijin kuma mujallar Mu ta labaran gaibu ta fara fitowa a 1979. Tatsu, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin marubutan labarin zane Tatsuki Fujimoto da Yuji Kaku kafin ya tsaya da ƙafarsa, mai son dodanni ne kafin komai. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne da ya tashi zana halitta marar zuciya, siffar da ta zo masa ita ce ta ma'aikacin kamfani, kuma masu karatunsa sun gane ta nan take.

Daga baya labarin ya kawo wata ƙabilar da ta fi su girma da ɓarna, wato Kur. Su ƙananan halittu ne marasa ƙarfin jiki waɗanda suke mamaye duniyoyi, su mayar da mazaunansu rigunan yaƙi da suke shiga ciki, kuma su ne suka hallaka mutanen su Vamola, yarinyar da ta gudo duniya a cikin rigar dodo. Tunaninsu ɗaya ne da na mutanen Serpo, sai dai su ba sashe suke ciro wa mutum ba, dukkansa suke ɗauka. Sashen da aka ba da tarihin Vamola da matan da suka raine ta a fagen yaƙi yana cikin mafi nauyi a labarin, amma su kansu Kur ba su kai mutanen Serpo daɗin karatu ba, domin mai mamaya da ya san shi mai mamaya ne ba shi da wani lulluɓi da za a yaye. Ƙarshensu ma ya zo ne ta hanyar da ta dace da tsarin labarin: bayan yaran sun yi iya yinsu, wata fatalwa ce ta gari, Reiko Kashima, ta murƙushe rundunar jiragensu, ba don kishin duniya ba sai don sun shigo mata hanya.

Amfanin Kur na gaskiya shi ne sun ba marubucin damar gwada mutanen Serpo da wani ma'auni. A wannan sashe aka fito da Rokuro, ɗaya daga cikinsu wanda haɗuwarsa da su Momo ta sauya shi har 'yan'uwansa suka ɗauke shi a matsayin kwafi mai aibi suka yar da shi. Ya zauna a duniya yana aiki a kantin unguwa irin wanda ba ya rufewa dare da rana, aikin da a biranen Japan baƙi 'yan ƙasashen waje suke yawan yi, kuma da mamayar ta zo ya tsaya a gefen Momo har ya sa kansa cikin haɗari dominta. Ba a ɗaura masa gaɓar kowa ba. An doke shi, an kore shi, ya tsaya a bayan kanta yana yi wa mutanen da ba su san shi ba hidima, kuma a haka abin da ƙabilarsa take yawon fashi a kansa ya same shi. Su kuwa da suka ga alamar abin da suke nema a jikin ɗayansu, sai suka kira shi lalacewa, wanda yake nuna cewa ko da fashin nasu ya yi nasara da ba za su iya zama da sakamakonsa ba, domin ɗan da za a haifa ta cakuɗuwar gado dole ya bambanta da su.

Rokuro ya kuma jawo wa marubucin wata matsala. A farkon labarin ana iya tarwatsa mutanen Serpo uku a shafi ɗaya mai karatu ya yi dariya, saboda an gaya masa cewa babu kowa a cikin jikin, kwafi ne da za a sake bugawa gobe. Tun da aka nuna cewa ɗaya daga cikinsu zai iya zama wani, kowanne daga cikin sauran ya zama mai yiwuwar haka, kuma Momo, wadda take da cikakken dalilin ƙin jinin wannan fuska, dole ta riƙa kallonta a jikin wanda ya taimake ta. Labarin bai nemi ta yafe wa ƙabilar ba, kuma bai wanke su daga abin da suka yi niyya a babin farko ba, sauran suna nan da jiragensu da buƙatarsu, kuma dalilinsu na ƙin mamayar Kur bai wuce cewa duniyar da suke ɗiba a cikinta ce wani yake shirin ƙwacewa ba.